Awon Bayan Gunya

Sirdin da na gada wurin mahaifina
icen maƙarfo ne da fatar bijimi.
In na ɗaga shi sai na ce wash,
bare wadda za ta kai shi bayan Mbula
ta dawo da shi, da ni a kai, 'yar goɗiya.

Ni mai allurar shanu ne a Dass.
Rugagen da nake bi, babur ya sallama.
Daga Wandi turba sai ta koma zare,
dutse a dama, kwazazzabo a hagun,
ga sarƙaƙiya, ga ƙaya.

Wata Talata na kwance majayi,
na tarar gashi ya tuje a doronta,
miki kamar bakin ludayi, ƙuda na taro.
Ta waiwayo ta dube ni kawai,
ni na sunkuyar da kai don kunya.

Sati uku tana turke, ina bin ta da man kaɗe.
Da ta warke na tsinko wayar shanya,
na lanƙwasa bisa kafaɗunta
har ta ɗauki siffar wurin.
Na shiga motar Bauchi da ita a cinya,
yaran mota suna ta dariya.

A Wunti, can lungun 'yan gwanjo,
Tanimu ya farke dila:
sirdi uku na Turai, masu ƙaho a gaba.
Na fari fata ce zalla, ya sha zane.
Ido ya so, hannu ya ɗaga ya ajiye.
Wannan ai ƙanin na gida ne,
ba don ado na baro Dass da safiya.

Na biyu ya tsuke, waya ta ƙi shiga.
Na uku baƙi, ba fata ba,
wani yadi mai kauri irin na jakar soja,
likkafa ta roba, ciki da laushi.
Na ɗora waya ta zauna daram,
kamar a kanta aka ƙera shi jiya.

Muka kai shi sikelin mai shinkafa:
kilo bakwai, har da majayi.
Tanimu ya ce, ruwa bai dame shi ba,
in ya sha taɓo, bokiti ɗaya da tsumma.
Na ce, bakin ɗan kasuwa zuma ne,
damina za ta faɗi gaskiya.

Baba Jatau baduku ya juya shi, ya sansana,
ya ce, sirdin da ba ya warin jima
ba zai ga jikanka ba.
Na ce, Baba, na ji. Namu ya ga jika,
amma bayan dawaki nawa ya ci?
Ya yi shiru. Can ya jawo basilla,
ya ɗinka mini zubka mai cike da auduga.
Da na miƙa kuɗi, ya juya mini ƙeya.

Ran da muka nufi rugar Ardo Kawu
ruwa ya ritsa da mu a tsakar rafi,
jakar allura rataye a ƙaho.
Gunya na hawa kamar an yafe mata bashi,
kunnuwa gaba, ba ta ko waiwaya.

Da magariba na sauke, na shafa.
Gumi ya jiƙa ko'ina daidai,
ba busasshen gurbi, ba kumburi.
Ta yi birgima a yashi, ta miƙe ta girgije,
ta sa baki a harawa, tana kaɗa wutsiya.

Tsohon yana nan rataye a zaure,
duk Juma'a nakan shafa masa mai.
Sabon, ƙahonsa na zungurar cikina in hawa ya miƙe,
ban kuma san damina nawa zai gani ba.
Wataƙila Baba Jatau ne zai yi dariyar ƙarshe.
Ni dai aljihuna ya biya,
bayanta ne ya zaɓa,
gobe muna da Lukshi, doguwar tafiya.